Me Ya Sa Fada Ba Ya Aure Alhali Fasto Yana Yi?

Tambaya: Wata uwa daga Billiri ta jihar Gombe ta rubuto cewa ita a ECWA aka haife ta, amma maigidanta ɗan Katolika ne, kuma a Katolika suka tarbiyyantar da 'ya'yansu. Yanzu ɗansu na biyu ya gama sakandare, ya kuma ce aikin fada, wato firist na Katolika, yake so. Tana tambaya ko Allah ne ya hana fada aure ko kuwa mutane ne suka kafa dokar, me ya sa fastocin da ta tashi a gabansu duk masu iyali ne, kuma ko akwai alamar cewa wata rana za a ɗage wannan doka.

Amsa: 'Yar'uwata cikin Almasihu, ina gaishe ki da maigidanki da yaran gaba ɗaya. Tambayar da kika yi tsohuwa ce ƙwarai, domin Kiristoci sun fi shekara 1,600 suna muhawara a kanta, kuma har yau ba a rufe maganar ba. Ya kamata ki sani tun farko cewa ni fasto ne mai mata da 'ya'ya, kuma tarihin ikilisiya shi ne fannin da na daɗe ina koyarwa, saboda haka ina da ra'ayina a kan batun, zan kuma faɗe shi a fili, amma sai bayan na shimfiɗa miki hujjar kowane ɓangare yadda masu ita za su yarda cewa ban tauye musu komai ba.

Rashin auren fada doka ce ta ikilisiya, ba rukuni ba ne na bangaskiya kamar imani da tashin Almasihu daga matattu, kuma ba mu 'yan Furotestan ne kawai ke faɗin haka ba. Ikilisiyar Katolika da bakinta ta faɗa. Babbar Majalisar Vatican ta Biyu, a takardarta ta 1965 a kan rayuwar firistoci, ta bayyana cewa ainihin aikin firist bai wajabta rashin aure ba, ta kuma kafa hujja da yadda ikilisiyar farko ta yi da yadda ikilisiyoyin Gabas suke yi har yanzu. Abin da Majalisar ta ce shi ne rashin auren ya dace da aikin ta fuskoki da yawa, don haka ta tabbatar da dokar. Fafaroma Paul na Shida ya sake jaddada ta a wasiƙarsa ta 1967, sannan aka rubuta ta a sashe na 277 na kundin dokokin ikilisiya na 1983. Dokar da ikilisiya ta kafa kuwa, ikilisiya tana da ikon sassauta ta, kuma kamar yadda za ki gani, ta riga ta sassauta ta a wasu wurare.

Idan aka buɗe Littafi Mai Tsarki, hujjar masu aure a bayyane take. Firistocin Tsohon Alkawari masu iyali ne, aikin ma gado ne a zuriyar Haruna, kuma Zakariya mahaifin Yahaya Mai Baftisma firist ne mai mata. A Matiyu 8:14 Yesu ya shiga gidan Bitrus ya warkar da surukar Bitrus ɗin daga zazzaɓi, wanda ke nuna cewa manzon da Katolika ke ɗauka a matsayin Fafaroma na farko ya yi aure. A 1 Korintiyawa 9:5 Bulus ya ambaci cewa sauran manzanni da 'yan'uwan Ubangiji da Kefas, wato Bitrus, suna tafiye-tafiyensu tare da matansu masu bi. A 1 Timoti 3 da Titus 1 kuma, inda aka jera halayen wanda ya cancanci shugabancin ikilisiya, an ce ya zama mai mace ɗaya, mai iya riƙon gidansa da tarbiyyar 'ya'yansa, har aka yi tambaya cewa wanda ya kasa riƙe gidansa ta yaya zai kula da ikilisiyar Allah. A kan waɗannan ayoyi fastocin da kika sani suka tsaya.

Sai dai masu goyon bayan rashin aure ba da hannu wofi suka zo ba. Yesu da kansa bai yi aure ba, kuma a Matiyu 19:12 ya yi maganar waɗanda suka haƙura da aure saboda Mulkin Sama, ya ce mai iya karɓar wannan magana ya karɓa. Bulus ma a 1 Korintiyawa 7 ya ce da ma kowa kamarsa yake, ya kuma bayyana dalilinsa, wato marar aure hankalinsa yana kan sha'anin Ubangiji, mai aure kuwa hankalinsa a rabe yake domin dole ya kula da abin da zai faranta wa matarsa rai. Amma a cikin wannan sura ɗin dai Bulus ya ce kowa da irin baiwar da Allah ya ba shi, ya ce gara aure da ƙuna da sha'awa, ya kuma faɗa ƙarara cewa ba shi da wani umarni daga Ubangiji game da waɗanda ba su yi aure ba, shawara ce yake bayarwa. Saboda haka duk inda aka yabi rashin aure a Sabon Alkawari, a matsayin baiwa aka yabe shi, babu inda aka mai da shi sharaɗin shugabanci. Malaman Katolika suna amsa wannan da cewa ba wanda aka tilasta wa, domin ba dole ba ne kowa ya zama firist, ikilisiya ce kawai ta ga dacewar ta zaɓi firistocinta daga cikin waɗanda suka sami wannan baiwa. Idan kuma ɗan Furotestan ya kawo 1 Timoti 4:3, inda aka soki masu hana aure, sai su ce ayar tana magana ne a kan waɗanda suka ɗauki aure ƙazanta, su kuwa suna lissafa shi cikin tsarkakan hidimomi bakwai da suke kira sakramenti. A nan ina ganin suna da gaskiya, bai kamata a riƙa jifan su da wannan aya ba.

To, yaya aka yi shawara ta zama doka? A ƙarnoni na farko bishop da firist da dikon masu aure abu ne da aka saba gani. Doka mafi tsufa da ta iso gare mu a rubuce ita ce ta taron Elvira a ƙasar Sifen, a farkon ƙarni na 4, kuma abin lura shi ne ba ta hana naɗa mai aure ba, ta dai umarci wanda aka naɗa ya daina kusantar matarsa. Fafaroma Siricius ya maimaita haka a wasiƙarsa ta shekarar 385 zuwa ga bishop na Tarragona, inda ya ce firistocin Tsohon Alkawari suna ƙaurace wa matansu a lokacin da hidimar Haikali ta zo kansu, firistocin Kirista kuwa hidimarsu ta kullum ce, don haka kamewarsu ma ta kullum ce. Taron Carthage na shekarar 390, a ƙasar da ake kira Tunisiya a yau, ya ce wannan abu ne da manzanni suka koyar. Daga nan ne masana suka rabu har yanzu. Wasu malaman Katolika, irin su Kadinal Alfons Stickler, suna ganin kamewar ta samo asali tun daga manzanni, wasu masana tarihi da yawa kuwa, har da na Katolika, suna ganin a ƙarni na 4 ta fara zama ƙa'ida, lokacin da rayuwar masu zuhudu irin su Antoni na Masar ta mamaye zukatan mutane har aka fara kallon zaman aure a matsayin mataki na ƙasa. Ni ina tare da na biyun, domin inda abu ya kasance umarnin manzanni da kowa ya sani, da wuya a ce rabin ikilisiya ta bi wata hanya dabam ba tare da ta ji ta saɓa wa kowa ba.

Rabin da nake nufi su ne Kiristocin Gabas. A taron da aka yi a Kustantiniya, wato Istanbul ta yau, a shekarar 692, wanda ake kira taron Trullo, sun yanke cewa mai aure zai iya zama dikon ko firist ya ci gaba da zama da matarsa kamar kowane magidanci, har suka tsawata wa duk wanda zai raba shi da ita da sunan ibada. Amma sun gindaya sharuɗɗa biyu, cewa wanda aka riga aka naɗa ba zai yi aure bayan naɗi ba, kuma bishop dole ya zama marar iyali. A kan wannan tsari ikilisiyoyin Otodoks na Girka da Rasha suke har gobe. Kibɗawan Masar da ikilisiyar Habasha, waɗanda su ne mafi daɗewa a nahiyarmu, su ma firistocinsu na gari masu aure ne, daga cikin masu zuhudu kuma ake ɗauko bishop-bishop.

A Yamma kuwa dokar kamewa ta daɗe a rubuce ba tare da an iya tabbatar da ita ba. Fafaroma Hormisdas, wanda ya hau kujera a 514, shi ne mahaifin Fafaroma Silverius, kuma Fafaroma Adrian na Biyu, wanda ya hau a 867, ya yi aure kafin naɗinsa. A ƙauyukan Turai firist mai mata da 'ya'ya ya zama ruwan dare, har ɗa yana gadon majami'ar ubansa da gonakinta. Wannan batu na gado yana cikin manyan abubuwan da suka sa aka ɗaure dokar da gaske a ƙarni na 11, domin shugabannin ikilisiya sun ga dukiyar majami'a tana sulalewa zuwa hannun iyalai, muƙamai kuma suna zama haja a hannun sarakuna. Taron Pavia na 1022 ya yi magana a kan 'ya'yan firistoci da dukiyar ikilisiya, sannan Fafaroma Gregory na Bakwai, wanda ya yi mulki daga 1073 zuwa 1085, ya ɗauki matakin da ya fi tsanani, har ya hana jama'a halartar sujadar firist mai mata. Firistoci a Jamus da Faransa sun yi bore a kan haka. A ƙarshe Majalisar Lateran ta Farko a 1123 da ta Biyu a 1139 suka rufe ƙofar, ta biyun ta zartar cewa auren da firist ya ɗaura ba aure ba ne sam. Wasu sukan ce ai duk maganar dukiya ce kawai, amma wannan ragi ne ga tarihi, domin masu gyaran nan sun yi imani da gaske cewa hannun da ke taɓa jibin Ubangiji ya kamata ya keɓu. Abin da ba na so a manta shi ne matan da abin ya faɗa wa, waɗanda suka kwana matan aure suka wayi gari ana kiran su ƙwaraƙwarai, 'ya'yansu kuma aka cire su daga gado. Littattafan tarihi ba su cika tsayawa a kansu ba, alhali su ne suka biya farashin gyaran.

Da juyin Furotestan ya zo a ƙarni na 16, auren malamai yana cikin abubuwan farko da aka dawo da su. Martin Luther ya auri Katharina von Bora a 1525, Ingila ta halatta auren firistoci da doka a 1549, Majalisar Trent ta Katolika kuma ta mayar da martani a 1563 da tabbatar da tsohuwar dokar. Wannan rabuwa ce ta biyo masu mishan har ƙasarmu. Mishan ɗin SIM, wadda ta haifi ECWA a 1954, ta sauka a Kaltungo a 1917, SUM kuma ta haifi COCIN wadda ke da ƙarfi a Tafawa Ɓalewa da Bogoro, kuma dukansu fasto mai iyali suka sani. Haka ma Anglikan, inda Henry Ndukuba, wanda ya yi bishop na Gombe kafin ya zama shugaban ikilisiyar Anglikan ta Najeriya a 2020, magidanci ne. Dayosis ɗin Katolika ta Bauchi kuwa, wato yankin da ke ƙarƙashin bishop guda, wadda ta haɗa jihohin Bauchi da Gombe, tana bin dokar Roma kamar sauran na Najeriya. Ke da maigidanki kun gaji ɓangarori biyu na wannan tsohuwar muhawara a cikin gida ɗaya.

Akwai wani abu da ko 'yan Katolika da yawa a nan ba su sani ba, wato cewa a yau ɗin nan akwai firistocin Katolika masu aure da Fafaroma ya amince da su. Akwai ikilisiyoyin Gabas 23 da ke ƙarƙashin Fafaroma, kamar Maroniyawan Labanan da Katolikan Yukiren, kuma yawancinsu suna naɗa masu aure bisa tsohuwar al'adarsu. Akwai kuma fastocin Anglikan da na Lutheran da suka koma Katolika aka naɗa su firistoci da matansu, na Anglikan ɗin ta hanyar wani tsari da aka buɗe a Amurka a 1980, da wani da Fafaroma Benedict na 16 ya kafa a 2009. Majalisar Vatican ta Biyu kuma ta dawo da matsayin dikon na dindindin, wanda magidanci mai shekara 35 ko fiye zai iya riƙewa da yardar matarsa, ya yi baftisma, ya ɗaura aure, ya yi wa'azi, ya binne mamaci, ko da yake ba zai keɓe gurasa da ruwan inabi ko ya saurari furcin zunubi ba.

Duk da haka, ba zan ɓoye miki ba cewa hujjar rashin aure tana da nauyi idan aka gan ta a aikace. Na san wani fada da ke riƙe da ƙananan majami'u da yawa a karkara, wanda ranar Lahadi yakan ɗaura jakarsa a bayan babur tun da asuba, ya yi sujada a ƙauye ɗaya ya wuce na gaba, da damina ya tuɓe takalmi ya tura babur ɗin cikin rafi, idan dare ya yi masa a hanya ya kwana a ɗakin katikis, wato malamin da ke koyar da addini a majami'ar ƙauye. Lokacin da hankula suka tashi a yankin, mutane suna kwashe iyalansu, shi bai motsa ba, ya buɗe harabar majami'a ga duk wanda ya gudo. Ni da nake da 'ya'ya na san cewa a irin wannan rana zuciyata za ta rabu biyu, kuma ba wanda zai zarge ni. Wannan shi ne abin da Bulus yake nufi, shi ne kuma abin da Bahaushe ke nufi da cewa taura biyu ba ta taunuwa. Bishop yana iya tura fada duk inda ake bukata da takarda ɗaya, ba a maganar makarantar yara ko aikin uwargida, kuma talakawan ƙauye suna iya ɗaukar nauyin mutum ɗaya inda ba za su iya ɗaukar na gida guda ba. Bayan wannan duka akwai abin da 'yan Katolika suka fi ba muhimmanci, cewa mutumin da ya bar aure da haihuwa saboda Allah, a ƙasar da ake auna mutum da iyalinsa, shi kansa wa'azi ne cewa akwai wata rayuwa bayan wannan.

Gidan fasto shi ma yana da nasa nauyin da nasa albarka. Duk wanda ya zauna a gidan fasto na ƙauye ya san cewa uwargida ma'aikaciya ce da ba a biya. Ita ce ke gaban zumuntar mata, ita ke dafa wa baƙin da ba su yi sallama da zuwansu ba, ita ake tasa da tsakar dare idan naƙuda ta zo wa wata, kuma matar da mijinta ya doke ta ba ofishin fasto take fara zuwa ba, ta ƙofar baya take shiga ta sami Mama a madafa, a can ne maganar da ba za ta iya faɗa wa namiji ba take fitowa. Idan kaka ba ta yi kyau ba baiko ya ragu, albashi ya makara, su ne ke rasa kuɗin makarantar yara, idan takardar canjin wuri ta zo kuma su bar gonar da suka shuka. Akwai kuma jarabar da ta dami Turai a ƙarni na 11, wadda ba ta mutu ba, ta mai da ikilisiya gadon gida, ana ganin ta a wasu majami'u masu zaman kansu. Amma fasto da ya taɓa kwana a asibiti da ɗa marar lafiya, ya taɓa saɓawa da matarsa suka shirya, idan ya zauna sulhunta ma'aurata yana magana ne daga abin da ya ɗanɗana.

Ra'ayina shi ne rashin aure saboda Mulkin Sama baiwa ce ta gaske da ya kamata a girmama, amma ɗaure ta da aikin firist a matsayin sharaɗi ga kowa da kowa ya wuce abin da Nassi ya nema, kuma yana da tsada. Kira zuwa hidima abu ɗaya ne, baiwar zama ba aure wani abu ne, ba kullum suke haɗuwa a mutum ɗaya ba. Akwai ƙauyukan da jibin Ubangiji ba ya isa gare su sai bayan makonni, alhali a cikinsu akwai katikis dattijo mai mata ɗaya, wanda ya shekara da shekaru yana koyar da su yana binne matattunsu, wanda in da a zamanin Titus ne da shi za a naɗa. Akwai kuma waɗanda suka ɗauki alkawarin da ƙuruciya suka kasa riƙewa, sai abin ya koma ɓoye, mace da yara su zauna ba suna ba hakki. Game da cin zarafin yara da ya girgiza ikilisiya, a yi hattara da saurin yanke hukunci. Binciken da kwalejin John Jay ta Amurka ta fitar a 2011 bai sami rashin aure a matsayin musabbabin abin ba, hukumar binciken Ostireliya kuwa a 2017 ta ga yana iya taimakawa idan ya haɗu da wasu matsaloli, har ta ba da shawarar a duba yiwuwar mai da shi na zaɓi. Irin wannan ɓarna tana faruwa a majami'un masu aure ma, kuma abin da ya fi ciyar da ita shi ne rufa-rufa da fifita sunan ikilisiya a kan hakkin wanda aka zalunta.

Wajibi ne kuma in faɗi laifinmu mu 'yan Furotestan na wannan yanki, domin muna da tamu dokar tilas ko da ba a rubuce take ba. Saurayi ya gama makarantar tauhidi da kyakkyawan sakamako, amma dattawan majami'a ba za su natsu da shi ba sai ya kawo mata, a yi ta matsa masa har ya yi auren gaggawa don ya sami wurin aiki, wani lokaci a cuci yarinyar da ba ta san nauyin da za ta ɗauka ba. Da Bulus zai zo neman aiki a wasu majami'unmu a yau, da tambayar farko da za a yi masa ita ce ina iyalinsa. Alhali Johanna Veenstra, wadda ta yi aikin bishara a Lupwe kusa da Takum har rasuwarta a 1933, ba ta yi aure ba, haka ma John Stott, malamin Anglikan na Ingila da fastocinmu da yawa suka ƙaru da koyarwarsa. Wanda ya soki Roma don ta mai da baiwa doka bai kamata shi kuma ya rufe ƙofa ga mai wannan baiwar ba.

Game da ko dokar za ta canza, an kusa taɓa ta a 'yan shekarun nan. A taron bishop-bishop na yankin Amazon da aka yi a Roma a watan Oktoba na 2019, an kaɗa ƙuri'a 128 da 41 a kan shawarar a naɗa dattawa masu aure, waɗanda suka riga suka zama dikon, su zama firistoci a wuraren da ke da nisa. Fafaroma Francis bai ɗauki shawarar ba a takardar da ya fitar a Fabrairun 2020, ko da yake a wata hira a 2023 ya sake cewa dokar horo ce da za a iya dubawa, ba abu ne na har abada ba. Mutane sukan zaci Afirka ce za ta fi neman a ɗage dokar saboda yadda muke ɗaukar aure da haihuwa, amma akasin haka ake gani a tsakanin shugabanni. Ɗaya daga cikin manyan masu kare dokar shi ne Kadinal Robert Sarah ɗan ƙasar Gini. Babban bishop na Lusaka ta Zambiya na da, Emmanuel Milingo, wanda ya yi aure a 2001 ya kuma naɗa masu aure huɗu bishop-bishop a 2006, an fitar da shi daga tarayyar ikilisiya, kuma bai ja jama'a masu yawa ba. Dalili ɗaya shi ne ƙarancin firistoci da ke matsa wa Turai lamba bai kai haka a nan ba, domin adadinsu yana ƙaruwa a Afirka yayin da yake raguwa a can, har Najeriya tana aika firistoci zuwa ƙasashen da suka kawo mata bishara.

Saboda haka kada ɗanki ya shiga wannan hanya da tunanin cewa za a sassauta dokar a gaba. Ko da an sassauta, abin da ake tattaunawa shi ne naɗa wanda ya riga ya yi aure, ba aurar da wanda aka riga aka naɗa ba, domin Gabas da Roma duk sun haɗu a kan cewa babu aure bayan naɗi. Idan kuma ƙungiyar masu zuhudu ya shiga maimakon aikin dayosis, to wa'adin rashin aure yana cikin tushen rayuwarsu, ba abin da zai taɓa shi. Abin da zai kwantar miki da hankali shi ne ba ranar da ya shiga makaranta yake ɗaukar alkawarin ba. Horon yakan ɗauki shekara takwas zuwa goma, da karatun falsafa da na tauhidi a makaranta irin ta St. Augustine da ke Jos da kuma zaman gwaji a majami'a, sai a lokacin naɗa shi dikon, wanda ba a yi kafin shekara 23, zai yi alkawarin a gaban bishop, kuma ba a naɗa firist kafin shekara 25. Kafin wannan rana yana da 'yancin fita ba tare da wani laifi ba, da yawa kuma suna fita su yi aure su zama magidanta nagari. Bayan naɗi kuwa, Fafaroma kaɗai ke da ikon sauke masa alkawarin, kuma wanda aka sauke wa yakan bar aikin firist. Ki gaya masa tun yanzu, ke da mahaifinsa, cewa idan ya kai shekara ta biyar ko ta bakwai ya ga ba zai iya ba, ƙofar gida a buɗe take kuma ba za ku ɗauke shi wanda ya ba ku kunya ba, domin tsoron abin da iyaye da mutanen gari za su ce yana cikin abubuwan da ke sa saurayi ya ɗauki alkawarin da ya san ya fi ƙarfinsa.